Karin kumallo mai yawan furotin: tambayoyi da amsoshi kan yunwa, ƙoshi da ciye-ciye

A yawancin gidajen Kaduna, daga Rigasa zuwa Kawo, daga Tudun Wada zuwa Barnawa, abin karyawa bai wuce koko da ƙosai, shayi da burodi, waina, ɗumamen tuwo ko indomi ba. Duk abinci ne na ƙwarai, sai dai sitaci ne ya rinjaye su, nama da kifi da wake kuma ana barin su sai rana ko dare. Shi ya sa mutum zai karya da ƙarfe bakwai, kafin sha ɗaya ciki ya fara ƙugi. Amsoshin nan sun shafi abin da ke faruwa idan aka dawo da wani kaso na furotin, wato sinadarin gina jiki, zuwa safiya, da yadda za a yi hakan da abin da ke kasuwanninmu.

Giram nawa ne za a ci kafin a ce karin kumallo yana da yawan furotin?

Ga babban mutum mai lafiya, giram 25 zuwa 30 a zama ɗaya. A nan ne masu bincike suka fi ganin ƙoshi ya bayyana sosai. Mafi ƙarancin abin da jiki ke buƙata a yini kuwa kusan giram 0.8 ne a kan kowane kilo na nauyin mutum, wato mai kilo 70 yana buƙatar giram 56 a ƙalla. Ka ga ke nan maganar ba ta cin nama kamar ranar Sallah ba ce. Rabon ne ake gyarawa, a daina tara shi duka a tuwon dare.

Kada a rikita nauyin abinci da nauyin furotin da ke cikinsa. Babban ƙwai ɗaya yana da giram 6. Dafaffen naman shanu giram 100 yana da kusan 26. Gwangwanin madara ɗaya na busasshen wake, wanda nauyinsa ya kusa giram 130, yana da kusan 30. Kofin madara ko kindirmo mai ɗaukar kwatan lita yana da kusan 8. Gyaɗa cikin tafin hannu, giram 30, tana da 7. Ƙaramin gwangwanin sadin yana da kusan 20. Yankan burodi ɗaya bai cika kai 3 ba.

Me furotin yake yi a jiki har yunwa ta lafa?

Yunwa da ƙoshi saƙonni ne tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. Idan ciki ya zama fayau, yana sakin wani sinadari mai suna girelin, shi ne ke sa mutum ya fara tunanin abinci. Idan abinci ya gangara hanji, sai hanjin ya saki wasu sinadarai, daga cikinsu akwai PYY da GLP-1 da CCK, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, suna kuma rage saurin fitar abinci daga ciki. Furotin yana danne girelin ya daɗe a ƙasa, yana kuma tayar da sinadaran ƙoshin nan fiye da abinci mai suga da tataccen sitaci.

Abu na biyu shi ne sugan jini. Koko mai suga ko farin burodi da shayi mai zaƙi suna narkewa da sauri, suga ya hau, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, sugan ya sauko. A wurin mutane da yawa saukowar nan ce ke zuwa da hamma da kasala da marmarin wani abu mai zaƙi bayan sa'a biyu zuwa uku. Idan akwai furotin da dusar wake a cikin abincin, hawan da saukar duka a hankali suke yi.

Na uku ƙarami ne amma gaskiya ne: narkar da furotin yana cin ƙarfi. Cikin kowane kalori 100 na furotin (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki), jiki yana ƙone 20 zuwa 30 wajen sarrafa shi, alhali na sitaci 5 zuwa 10 ne, na mai kuwa bai wuce 3 ba. Wannan ba zai rame da kowa shi kaɗai ba.

An gwada wannan a kan mutane, ko zance ne kawai?

An gwada. Wanda aka fi ambata shi ne na Heather Leidy da abokan aikinta a Jami'ar Misuri ta Amurka, wanda ya fito a 2013. Sun ɗauki 'yan mata 20 masu ƙiba waɗanda ba su saba karyawa ba. Kowacce ta bi tsari uku ɗaya bayan ɗaya: rashin karyawa, karyawa da hatsin kwali mai furotin giram 13, da karyawa da ƙwai da naman shanu mai furotin giram 35. Abincin biyu kalorinsu ɗaya, 350. Duka biyun sun rage yunwa idan aka kwatanta da rashin karyawa, amma mai yawan furotin ya fi kawo ƙoshi, shi ne kuma ya rage girelin ya ƙara PYY. Abin da ya fi jan hankali ya faru ne da dare: a ranakun mai yawan furotin, 'yan matan sun rage cin kayan ƙwalama masu maiƙo.

Akwai kuma na Jami'ar Washinton a 2005, inda aka ɗaga furotin na mutum 19 daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin ɗari na abincinsu, aka bar su su ci iya son ransu. Da kansu suka rage kusan kalori 440 a yini. Amma wannan abincin yini duka aka canza, ba na safe kaɗai ba.

Ya kamata a ɗauki waɗannan da ma'auni. Mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma binciken na Misuri ya samu tallafi daga ƙungiyoyin masu sana'ar naman shanu da ƙwai. Abin da ya tsaya da ƙafarsa bayan gwaje-gwaje masu yawa shi ne raguwar yunwa a sa'o'in da ke biye da karyawa. Raguwar jimillar abin da mutum zai ci a yini kuwa wani lokaci ana gani, wani lokaci ba a gani.

Kullum da koko da ƙosai nake karyawa, amma kafin azahar na galabaita. Ƙosai ba wake ba ne?

Wake ne, kuma haɗin gero da wake haɗi ne mai kyau ƙwarai. Furotin na hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare mai suna laisin wanda wake ke da shi da yawa, shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin wanda hatsi ke cikewa. Matsalar ba a haɗin take ba, a yawan kowanne take.

Duba kwanon da kyau. Koko ya cika babban kofi, rabin lita ko fiye, an zuba suga cokali uku. Shi koko an jiƙa geron, an niƙa, an tace, an zubar da dusa, abin da ya kwanta a ƙasa yawancinsa sitaci ne, sannan aka dama shi da ruwa mai yawa. Furotin da ke cikin kofin 'yan giram ne. Ƙosan kuma guda huɗu ne ƙanana. Tunda gwangwani ɗaya na wake yana fitar da ƙosai goma sha biyu zuwa sha biyar matsakaita, kowanne giram 2 ne da ɗan ɗoriya. Duka karin kumallon bai wuce giram 12 ba, rabin abin da ake nema.

Gyaran shi ne a juya lissafin. Koko ya koma rabi, suga ya koma cokalin shayi ɗaya ko a bar shi gaba ɗaya. A dama kokon da madarar gari babban cokali uku, ko garin soyayyen waken suya, wannan ya kawo giram 6 ko fiye. Ƙosai ya zama shida, a ƙara dafaffen ƙwai ɗaya. An kai 25 ke nan ba tare da an bar abincin da aka saba ba.

Sai dai ƙosai yana shan mai, musamman idan man bai yi zafi ba kafin a saka ƙullun, ko an cika kaskon har zafin ya sauka. Mai neman rage ƙiba gara ya riƙa musanya shi da alale. Wake ɗaya ne, amma man da ke ciki kai ne ka auna shi. Alalen rabin gwangwanin wake da ƙwai ɗaya da ɗan kifi a ciki ya kai giram 25 shi kaɗai.

Ni a teburin mai shayi nake karyawa kafin na shiga kasuwa. Me zan ce a haɗa mini?

Ƙwai uku, burodi yanka biyu, shayi da madara sosai da suga kaɗan. Wannan ya kai giram 25 zuwa 27. Abin da aka fi saya, wato rabin burodi da shayi mai kauri babu ƙwai, yana cika ciki nan take amma furotin ɗinsa bai cika wuce giram 10 zuwa 12 ba.

Ka lura da abu biyu. Na farko man suya: babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma hannun mai shayi ba ya awo. Ka ce a rage, a ƙara albasa da tumatir da attaruhu. Na biyu madara. Madarar ruwa ta gwangwani marar suga da madarar gari suna da furotin, amma mai kaurin nan mai zaƙi sugarta ta ninka furotin ɗinta sau da yawa, haka garin cakulan na shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kusan giram 50 a yini, cokalin shayi 12 ke nan, kuma rabin haka ya fi. Kofi ɗaya na shayi mai kauri yana iya cinye rabin wannan kason.

Idan indomi ne, ƙaramin ƙunshi ɗaya da ƙwai biyu ko uku ya fi ƙunshi biyu da ƙwai ɗaya.

Ƙwai da nama sun yi tsada. Talaka fa?

A nan Kaduna ta yi sa'a, domin jihar tana cikin manyan masu noman waken suya a ƙasar nan, ga wake, ga gyaɗa. Busasshen waken suya yana da furotin kusan giram 36 a cikin 100, ya fi wake mai kusan 24, ya fi gyaɗa mai kusan 25. Idan aka auna kuɗi da giram na furotin, awara da wake sun fi ƙwai da nama arha nesa ba kusa ba.

Awara yanka shida masu girman kwalin ashana sukan ba da giram 20 ko fiye, gwargwadon yadda aka matse ta. Mai yi a gida ta jiƙa waken ya kwana, ta wanke, a niƙa, ta tace, ta tafasa madarar sosai, sannan ta zuba ruwan tsamin gasara ko na tsamiya ko lemon tsami kaɗan-kaɗan har ta tsinke, ta juye a ƙyalle ta ɗora nauyi. Tafasar nan dole ce: ɗanyen waken suya yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. Haka garin da za a zuba a koko, sai an soya waken ya soyu tukuna. Ba dole sai an tsoma awara a mai ba, ana iya dagargaza ta da albasa da tumatir a cokali ɗaya na mai, ko a saka ta a miya.

Faten wake da alayyahu da ɗan busasshen kifi karin kumallo ne da zai riƙe leburan gini har azahar. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli mai yawa ma haka, domin ƙuli gyaɗa ce da aka matse mata mai, furotin ɗin ya taru. Dafaffiyar gurjiya ma tana cikin lissafi. Idan ɗumame ne a gidan, a rage malmala, a ƙara wake ko kifi a miyar.

Ɗanwake kuwa a yi hattara da shi. Na sayarwa sau da yawa garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a ciki. Idan a gida ne, garin wake ya kai rabi ko fiye, a yanka ƙwai a kai.

Wajen sayen gyaɗa da ƙuli a Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi ko ta unguwa, a guji mai ɗaci, mai warin ruma, ko wadda ta canza launi. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai gubar afulatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Idan na fara, zan rage ƙiba?

Sai idan furotin ɗin ya maye gurbin wani abu ne, ba ƙari aka yi a kai ba. Wanda ya bar burodinsa da shayinsa yadda suke, ya ɗora ƙwai uku soyayye da gyaɗa a kai, ya ƙara kalori 400 ko fiye, kuma ba lallai ƙoshin da zai samu ya biya wannan ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2008 ya nuna haka ƙarara: masu karyawa da ƙwai biyu sun fi masu karyawa da burodi rage nauyi cikin mako takwas, amma a cikin waɗanda suke rage abinci ne kawai. Waɗanda ba su rage komai ba, ƙwan bai rame da su ba.

Amfaninsa na gaskiya shi ne yana sauƙaƙa haƙuri. Mai rage abinci ba a teburin safe yake faɗuwa ba, da la'asar yake faɗuwa, lokacin da mai fanke ta wuce, ko bayan isha'i da lemon kwalba da cincin. Idan yunwar ba ta yi tsanani ba, kau da kai ya fi sauƙi. Ƙari a kan haka, isasshen furotin yana taimakawa wajen kare tsoka yayin da nauyi ke sauka.

Ba na jin yunwa da safe sam. Dole ne na karya?

Ba dole ba ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun tattara gwaje-gwaje 13, suka ga masu karyawa suna cin kusan kalori 260 fiye da marasa karyawa a yini, kuma karyawar ba ta sa sun fi ramewa ba. Don haka wanda ba ya karyawa, yana aikinsa lafiya, yana cin na rana da na dare daidai misali, babu dalilin tilasta masa.

Wanda ya kamata ya sake tunani shi ne wanda ke wuni da shayi kawai, sannan daga magariba ya buɗe ciki har ya kwanta. Sau da yawa rashin yunwar safen daga nauyin abincin daren ne. Irin wannan ya rage na dare, ya matso da shi kusa da magariba, ya fara da abu kaɗan da hantsi, ko da ƙwai biyu ne ko kofin kindirmo. Ba sai da asuba ba, ƙarfe tara ko goma ma karyawa ce.

Fura da nono ta wadatar?

Ya danganta da wanne ya fi yawa a ƙwaryar. Kindirmo rabin lita da ba a sirka ba yana da kusan giram 16. Idan tsala ce da aka ƙara wa ruwa, abin ya ragu gwargwadon ruwan. Fura kuwa gero ce, curi ɗaya ya isa, ba uku ba, suga kuma kaɗan. A haɗa da gyaɗa cikin tafin hannu ko ƙwai ɗaya, an kusa cika lissafi. A sani kuma abin sha ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna, ko da furotin ɗinsu ɗaya.

A tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar da ita. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da burusela, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ciki da ƙananan yara.

Wake yana kumbura mini ciki. Akwai dabara?

Akwai. Wake yana ɗauke da wasu nau'o'in suga da hanjin mutum ba ya iya narkarwa, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin da ke can su ci su, su fitar da iska. Waɗannan suga suna narkewa a ruwa, don haka a jiƙa waken sa'a takwas ko ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi laushi liƙis. Surfaffen wake, kamar na alale da ƙosai, ya fi sauƙi ga mutane da yawa. A fara da kaɗan, ludayi ɗaya, a riƙa ƙarawa. Cikin mako biyu zuwa uku hanji yakan saba.

Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, amma tana lalata wasu bitamin na rukunin B. Jiƙon kwana yana rage lokacin dahuwa ba tare da wannan asarar ba, ga kuma sauƙin gas ko gawayi.

Cin ƙwai kullum ba zai kawo matsalar kitse a jini ba? Ɗanye kuma ba ya fi ƙarfi?

Babban ƙwai yana da kolestarol kusan miligiram 186, duk a gwaiduwa. Ga yawancin masu lafiya, ƙwai ɗaya a yini bai nuna ƙarin haɗarin ciwon zuciya ba. Mai ciwon suga, ko wanda gwaji ya nuna kitsen jininsa ya hau, ko mai ciwon zuciya, ya daidaita adadin da likitansa. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a dogara da ƙwai kaɗai: yau ƙwai, gobe alale, jibi awara ko kifi.

Ɗanyen ƙwai a madara ko maltina asara ce. An auna an ga jiki yana ɗaukar kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai, ga haɗarin ƙwayar salmonela mai kawo gudawa da zazzaɓi.

An ce awara tana rage wa namiji ƙarfi. Gaskiya ne?

A'a. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza masu cin waken suya, ba a ga ya rage sinadarin mazantaka ba. A ci ta kamar kowane abinci.

Wannan ya shafi sahur?

Sosai. Azumi a Kaduna yana ɗaukar sa'a 13 zuwa 14, kuma babu abincin da zai hana yunwa tsawon wannan lokaci. Amma akwai bambanci tsakanin wanda yunwa ta kama da hantsi da wanda ta bari sai bayan azahar. Sahur da farar shinkafa da mai da yaji, ko burodi da shayi mai zaƙi, shi ne ke saurin barin mutum. Wake da shinkafa inda waken ya kai rabi, ko tuwo kaɗan da miya mai kifi, ko ƙwai da kindirmo, sun fi riƙo. Jinkirta sahur zuwa dab da alfijir, wanda dama shi ne sunna, yana ƙara taimakawa.

A guji kilishi da tsire mai yaji da abin da dunƙule ya yi wa yawa a wannan lokaci. Furotin suna da shi, amma gishirinsu zai tayar da ƙishirwa, wadda a zafin Maris da Afrilu ta fi yunwa wahalarwa.

Yarana suna fita makaranta kafin bakwai. Su ma giram 30 za su ci?

A'a, nasu bai kai haka ba. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar kusan giram 19 a yini duka, ɗan 9 zuwa 13 kusan 34, matasa kuwa 46 ga mata, 52 ga maza. Ƙwai ɗaya da kunun gyaɗa mai madara, ko ƙosai uku da koko, ya wadatar da ɗan firamare. Abin gudu shi ne a sallame shi da ruwan shayi da biskit, ko a ba shi kuɗi ya saya a ƙofar makaranta, inda yawanci alawa da lemo zai saya.

Ga 'yan mata da suka fara al'ada akwai ƙarin magana. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, don haka a raba su da kamar sa'a ɗaya, a haɗa waken da tumatir ko lemon zaƙi.

Dattawan gida su ne aka fi mantawa. Bayan shekara 65 jiki yana buƙatar furotin fiye da da, giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo, don kada tsoka ta zube. Amma su ne aka fi bai wa kunu zalla saboda haƙori. Alale, kindirmo, ƙwai da kifi mai laushi duk ba sa buƙatar tauna mai ƙarfi.

Ina da ciwon suga. Ɗan'uwana kuma yana da ciwon ƙoda. Mu ma za mu iya?

Amsarku ba ɗaya ba ce. Mai ciwon suga yakan amfana, domin rage koko da burodi a ƙara wake da ƙwai yana rage hawan suga bayan karyawa. Amma idan kana allurar insulin ko shan magani irin su gilibenkilamaid, rage sitaci kwatsam ba tare da gyara magani ba yana iya faɗar da suga, ka ji rawar jiki da gumi da jiri. Ka auna suga kafin karyawa da sa'a biyu bayanta na 'yan kwanaki, ka kai wa likitanka lambobin.

Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara furotin da kansa ko kaɗan. Ƙoda ce ke fitar da dattin da furotin ke bari, kuma wanda tasa ta raunana sau da yawa rage masa ake yi, har da wake da gyaɗa saboda fotasiyam da fosfaras. Tunda ciwon suga da hawan jini su ne manyan masu lalata ƙoda a ɓoye, duk wanda ya daɗe da ɗayansu ya yi gwajin ƙoda kafin ya canza abinci. Manyan asibitoci irin su Barau Dikko a cikin gari da asibitin koyarwa na Shika suna yin gwajin. Ga mai lafiyayyar ƙoda, giram 25 zuwa 30 da safe ba abin tsoro ba ne.

Na gwada mako guda, ban ga bambanci ba. Ina kuskuren yake?

Mafi yawanci adadin ne bai kai ba. Ƙwai ɗaya a kan tulin burodi giram 6 kawai ya ƙara, mutum kuma yana ganin ya ci abincin gina jiki. Zauna ka lissafa da alƙaluman da ke sama.

Idan adadin ya kai, duba zaƙin da ke tare da shi, domin lemon kwalba ko shayi mai suga cokali huɗu yana rushe rabin aikin. Duba barci: wanda ya kwana yana latsa waya zuwa ƙarfe biyu, girelin ɗinsa yakan hau washegari, ya tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo ko me ya karya da shi. Duba ruwa, musamman lokacin hunturu da mutum ba ya jin ƙishirwa alhali iska tana busar da shi. Sannan ka bambanta yunwa da sabo. Wanda ya saba duk ƙarfe goma sha ɗaya ya aika a sayo masa fanke, hannunsa zai kai aljihu ko ciki a cike yake. Furotin yana maganin yunwar ciki ne, sabo kuwa sai an canza abin da ke kusa da hannu.

Hanyar gwaji mai kyau ita ce mako biyu, kana rubuta abu uku kullum: lokacin da ka karya, lokacin da yunwa ta fara, da abin da ka ci bayan la'asar.

Ba ni da lokacin girki da safe, wuta kuma ba ta tsayawa balle firji. Yaya zan yi?

Ki dogara da abin da ba ya lalacewa. Garin soyayyen waken suya da aka niƙa ya bushe sarai yana yin makonni a cikin kwalba mai murfi, babban cokali biyu a koko ko kunu ya kawo giram 5 ko fiye. Ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, madarar gari, busasshen kifi da sadin na gwangwani duk ba ruwansu da firji. Surfaffen wake da aka shanya ya bushe ana iya niƙa shi gari a ajiye, da safe a kwaɓa a bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci a yi alale ko ƙosai, babu zuwa inji.

Ƙwai minti goma yake buƙata bayan ruwa ya tafasa, ana iya ɗora shi yayin da ake shirin yara. Ki dafa na ranar kawai. Dafaffen ƙwai, alale, awara da faten wake suna cikin abincin da ƙwayoyin cuta suka fi saurin yaɗuwa a ciki, kuma ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba sanyi, a tsananin zafi ma sa'a ɗaya. Wanda ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke tsakar dare, idan har yanzu da sanyinsa, a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje. Idan ya fara yauƙi ko tsami, a zubar, ɗumamawa ba ta gyara shi. Mai kama jirgin safe a tashar Rigasa ko mai fita aiki da duhu ya ɗauki ƙwai biyu da ɓawonsu da ƙullin gyaɗa, ya ci cikin sa'a biyun farko.